Baba Ndambuki, Mai Haƙar Rijiya da Aka Aiko Bakin Tafki

Kafin masunta su dawo da kamun asuba, Baba Musyoka Ndambuki ya riga ya share harabar coci, ya kaɗa ƙararrawa, ya leƙa ɗakin shan magani ko akwai mai jiran taimako. Daga nan sai ya zauna a bayan madafa ya sha shayinsa mai madara, wanda har yau bai yarda akwai mai iya dafa shi a garinmu Chizuwi ba. Abin da zai biyo baya kuwa, shi ma bai sani ba. Wata rana gyaran famfo ne, wata rana aski ga tsofaffi, wata rana kai mai naƙuda babban asibiti a tsohuwar motar mishan. In ka tambaye shi mene ne aikinsa, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya ni ma ina so in sani."

Daga Kitui ya zo, can ƙasar Kenya, inda mata ke tone busasshen rafi kafin su cika tulu. Cocinsu ta nemi masu aikin sa kai a ƙasashen waje, ya miƙa kansa, ya bar matarsa Kavindu da yara da gona, sai lokacin Kirsimeti yake ganinsu. Ranar da mota ta sauke shi a garinmu da diga da igiya, ya daɗe a tsaye yana kallon Tafkin Malawi, ruwan da ba a hango ƙarshensa.

Nachisale, mai dafa abincin mishan, ita ta fara tare shi. Fasto Mlauzi ne ya yi musu tafinta.

"Tambaye shi me ya iya."

"Ya ce rijiya yake haƙawa."

Ta ajiye muciya, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Fasto, juya shi ya ga ruwa mana, ko idonsa ne ba lafiya? Gobe kuma sai su aiko mana mai sayar da yashi!"

Fasto ma kansa ya ɗaure, domin malamin waƙa ya roƙa. Aka gwada baƙon da waƙa, ba a sake gwadawa ba. Aka ce ya zauna kafin a gano inda aka yi kuskure. Shekara ashirin da wani abu ke nan, ba a gano ba.

Harshenmu ma ya ba shi wuya. Ranar da ya fara tashi gaban jama'a, yana so ya ce ya zo ne ya yi musu hidima su duka, sai ya ce ya zo ne ya aure su duka. Ya ga mata na guɗa, ya ɗauka wa'azi ne ya shige su. Tun ranar tsofaffin matan gari suke kiransa "angonmu". Tuwon rogo ya ƙi masa, kwalekwale kuwa ko da kyauta ba ya shiga. Sau da yawa ya durƙusa yana tambayar Ubangiji ko wani aka yi nufin aikowa. Amma in gari ya waye, duk aikin da ya ga ba mai yi, shi zai ɗauka.

Sai daminar da kwalara ta shigo mana. Ta fi tsanani a unguwar masunta, inda yawanci Musulmi ne. Wani masunci mai suna Jafali, wanda ya saba tsokanar Ndambuki a kan tsoron ruwa, ya rasu da hantsi. Ma'aikatan lafiya suka naɗe gawar, suka ce lallai a binne a ranar. Rabin mazan unguwar suna kwance, sauran tsoro ya rufe su a ɗaki. Liman Twaibu tsoho ne, ko fartanya ba ya iya ɗagawa. Fasto kuma yana asibiti da marasa lafiya, balle a nemi shawararsa.

Ndambuki ya saɓa digarsa ya nufi maƙabarta, ya tsaya a bakinta, ya kasa shiga ya kasa komawa. Shi dai ya san an aiko shi ne ya kawo mutane ga Almasihu, Jafali kuwa bai taɓa taka coci ba. Ko dangin mamaci za su ɗauka raini ne? Ko cocinsa za ta kira shi gida? Liman yana zaune a gindin mangwaro yana kallonsa.

"Malam," in ji Ndambuki, "ban sani ba ko addininku ya yarda. Nawa ma ban tambaya ba. Amma rana tana yi."

"Ka iya haƙa?"

"Shi kaɗai na iya."

Liman ya miƙe da ƙyar, ya ja layi a ƙasa da sandarsa. "Ga alƙibla can. In ka yi zurfi zan nuna maka ƙaramin ramin ciki."

Ya yi ta haƙa cikin taɓo. Ƙarar digar ce ta fito da samari biyu, kunya ta hana su ci gaba da ɓuya. Da aka zo salla, ya koma gefe ya cire hula. A wannan damina ya haƙa kaburbura a maƙabartar Musulmi da ta Kirista, har tafin hannunsa ya tsage.

Ba kowa ya yaba ba. Wani dattijon coci ya tare shi ya ce, "Coci aka aiko ka ka cika, ko maƙabartar wasu?" Ndambuki ya juya ya bar wurin. Ya je madafa ya zauna, abinci a gabansa ya kasa ci.

"Inna, laifi na yi?"

"Ci tuwonka, ango," in ji Nachisale. "In laifi ne, Ubangiji zai gaya maka da yaren da kake ji."

Bayan annobar, Liman da mai gari suka zo da kansu suka roƙe shi rijiya nesa da tafki, domin ruwan tafkin ne ya yaɗa cutar. Ya dube su ya ce, "Yanzu kuma?" Ya haƙa ta, ya haƙa wasu bayanta.

Baba Ndambuki, kai ne baƙon da bai jira ya gane ba kafin ya sa hannu. Kai ne ka goya tsofaffinmu zuwa mota, ka wanke majinyatan da danginsu suka guje su. Yaran da aka haifa a bayan motarka yau suna da nasu 'ya'yan. Mai diga, sannu da aiki.

Yanzu gwiwoyi sun gaji, Kavindu ta ce ya isa haka, ƙarshen watan nan zai koma gida. Ranar Asabar da ta wuce aka yi masa taron ban kwana. Shi ya jera benci, shi ya faskara itacen girki, yana zaton wani babban baƙo ake jira. Da Fasto ya kira sunansa, sai da ya waiwaya baya. Aka tura shi gaba, ya daɗe yana murza hula.

"Fasto, in na koma za su tambaye ni mutum nawa na kawo ga Ubangiji. Me zan ce musu?"

Fasto, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya sunkuyar da kai. "Ni ma ban sani ba, ɗan'uwa. Ka ce musu mun ce mun gode."

To mun gode, Baba. Allah ya kai ka gida lafiya, ya sa ka tarar da iyali lafiya, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma samarinmu, da masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, aikin da ba mai yi yana nan birjik, ba sai an aiko mutum daga wata ƙasa ba. Da taron ya watse, na ga Baba Ndambuki yana ɗingishi, ya kinkimi benci shi kaɗai zai mayar ɗakin ajiya. Don Allah, wani ya tashi ya karɓe shi.