Ƙunshin Bazawara da Keken Baba

A shekarun da muke ce wa lakiriz, sa'ad da aka zaftare albashin ma'aikata, ɗinki ya ja baya a shagon Baba da ke unguwar Briqueterie. Tuwo ba ya isar mu. Kakarmu Iya Dudu takan hura gawayi bayan magariba, ta gasa masara ɗaya ta kakkarya mana, sauran cikin kuma ta cike shi da tatsuniya.

Akwai wadda ba na so. Wai an yi fari a wani gari, wata bazawara mai 'ya'ya uku ta ba baƙo ruwanta na ƙarshe. Ya miƙa mata ƙunshi, ya ce komai na ciki, ba sai ta roƙi kowa ba. Ta kwance, ga iri, ga fartanya, har da lauje. Ta yi shuka yadda ya kamata, ta zauna jira. Ruwa bai sauka ba. A nan Iya take tsayawa. Na taɓa tambayar ta wane laifi matar ta yi.

"Babu, 'yar nan," in ji ta. "Wani sa'in haka take ƙarewa."

Na girma na koyi kwamfuta. Da rikicin arewa ya toshe hanya, shadda ta daina zuwa daga Kano, Baba ya sayar da filinsa na unguwar Elig-Edzoa ya sayi tsohon keken surfani mai aiki da kwamfuta, ko zai jawo masu kawo ɗinki. Keken ya zo babu manhajarsa, shagon kuma babu intanet. Wani mai gyara a kasuwar Mokolo ya zuba min ita a filas, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, dunƙule cikin fayil guda, da duk abin da take buƙata. Na warware fayil ɗin, na nuna wa kwamfutar inda na ajiye shi, na danna. Allura ta motsa, ta fitar da fure a kan ƙyalle. Baba ya daɗe yana shafa shi, yana hamdala.

Mun jira Sallah ƙarama, mun jira babba. Keken bai taɓa ba da matsala ba, amma masu kawo yadi ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Kafin shekara ta zagayo Baba ya miƙa wa mai ginin makullin shago, bai sake riƙe almakashi ba har ya rasu.

A da ina ɗaukar Iya marowaciya, wadda ta hana mu ko daɗin ƙarshen labari. Yanzu na san ta ƙi yi wa yara masu yunwa ƙarya ne. 'Ya'yana kan nemi tatsuniya. Wannan ban ba su ita ba tukuna, kuma na kasa sauya mata ƙarshe.