Cokali Mai Yatsu a Addu'ar Baba

Har yau in na sayi abinci a bakin titi aka saka mini cokalin roban nan mai yatsu, zare shi nake yi in ajiye wa mai abincin kayanta. Wasu na ɗauka iyayi ne. Ba iyayi ba ne, tsana ce, kuma na san ranar da ta fara.

Da Baba ya rasu, Mma ta daina cin abinci. Ba ta taɓa cewa ba za ta ci ba. Sai ta karɓi kwano, ta yi godiya, ta tura shi ƙarƙashin gado. Koko kawai ke wuce maƙogwaronta, har zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Badagomba da suka daɗe suna kasa kaya tare da Mma a unguwar Changli, ita ta kwantar mini da hankali.

"'Yata, bari addu'a ya zo," in ji ta. "In mata ya cika gida mun zauna kan tuwo, kunya zai sa Mmanki ya ci. Ba mai naɗe hannu cikin mutane."

Haka muka saba a Tamale. Tun ana gobe addu'ar arba'in mata ke shigowa da itace da manyan tukwane, a tuƙa tuwo, a kaɗa miyar ayoyo, a yi gulma, a yi kuka, a kewaye kwano ɗaya. Aikin ne ke riƙe mutane a gidan makoki.

Sai ga yayana daga Kumasi, da tabarau da sabbin dabaru. Ya ce an wuce zamanin hayaƙi, shi ya riga ya yi odar tekawe, dafaffen abinci a roba.

"Yaya, Mma fa ba ta cin komai," na ce. "Zaman matan nan muke jira."

"Ke dai kin cika son wahala. Har da cokali a ciki, ba wanda zai ɓata hannunsa."

Ya faɗi haka yana hura hanci kamar wanda ya gina wa unguwa masallaci. Shi ne babba, shi ne namiji, sai na bar masa.

Ranar addu'a keken yalo-yalo mai ƙafa uku ya sauke fararen robobi, kowace da jolof da guntun kaza da cokali a naɗe cikin tishu, an ɗaure da kyauro. Malamai na shafa fatiha aka bi kowa da tasa a leda. To, abincin da aka miƙa maka a ƙulle ai sallama ce, kowa ya gane. Maza suka rataya a hannun babur suka wuce. Matan da suka zo da ɗamararsu suka tsaya cirko-cirko, ba tukunya, ba wuta, ba dalilin zama. Ɗaya bayan ɗaya suka leƙa ɗakin Mma, suka ce Allah ya ƙara haƙuri, suka fita. Tsohuwar maƙwabciyarmu ma ta kasa haɗa ido da ni.

Kafin azahar gida ya yi tsit. 'Yan tsirarun da suka ci a ƙofar gida da hannu suka ci, cokulan na zube a kwata ko buɗe su ba a yi ba. Wannan shi ne ci gaban da aka kawo mana daga Kumasi.

Na shiga ɗaki na tarar da Mma da robarta a cinya, tana jujjuya cokalin.

"An gama ne?" ta tambaye ni.

"An gama, Mma."

"Babanku bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba."

Daga tsakar gida muryar yayana ta shigo, cike da jin daɗi: "Kun gani? Ko kwano ɗaya ba za a wanke ba."

Ban yafe masa wannan maganar ba, kuma ba na shirin yafewa. Mma ta mayar da cokalin, ta rufe robar, ta ɗaure kyauron yadda ta same shi, sannan ta sunkuya ta tura ta ƙarƙashin gado.