Sodar Kaka a Gwangwanin Sukari

"Kawu, ajiye cokalin nan!" na daka tsawa. Saura ƙiris ya zuba sodar sabulu a kokonsa, don a gwangwanin sukari Kaka take ajiye ta.

Aikina a kamfanin fenti shi ne tabbatar da an bi dokar ajiye sinadarai, sai ga haɗarin a gidanmu na Jigwada. Na sauya wa sodar mazubi, na kulle ta a kabad.

Kaka ta harare ni. "Maigida, babana ya ce farkon zuwan Turawa, randa kawai duba-gari ke leƙawa. Kai har ƙuryar ɗakina?"

"Har tara zan ci ki, amarya."

"To ni na riga ka. Yau babu fura."

Furar ta wuce ni, amma hankalina ya kwanta. Ku me kuka taɓa tsinta a gwangwanayen tsofaffinku?