Na Sama da Na Ƙasa a Hillar Dogo

Garinmu, Hillar Dogo, ba babba ba ne. Bahar, wato kogin Nilu, yana gabas da shi, wani kwari ya raba garin biyu, in ka tsaya a kasuwa kana hango ƙarshensa ta kowane gefe. Amma a nan ofishin mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, yake, da kotu, da ɗan asibiti, shi ya sa mutanen ƙauyukan kewaye in za su zo sai su ce za su birni. Mu ma mukan ɗan ɗaga kai da hakan.

Lokacin sanyi, bayan sallar isha'i, kakata ta wajen uba, da muke kira Habboba, takan sa a hura wuta da karan dawa a tsakar gida. Sai ta zauna a bakin gadonta na igiya, ta miƙa ƙafafu wajen ɗumi. Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai ɗaya da ba ta yarda a kira ta tatsuniya ba.

"Wagga ba ta Gizo ba ce," in ji ta. "Taku ce. Ku gyara zama."

Wai wani dogon mutum ne ya taso daga ƙasar Hausa da matarsa, cikin ayarin masu zuwa Makka a ƙafa. Suna tafe suna ƙwadago a gonakin mutane, shekara da shekaru, har suka iso bakin bahar. A nan matar ta rasu wajen haihuwa. Aka binne ta, ayari ya ɗaure kaya, shi kuwa ya nemi wuri ya zauna. Ya ce a garinsu ba a barin sabon kabari babu mai yi masa sallama, sai ƙasa ta kwanta. Kafin ta kwanta wani tsoho ya rasu, 'ya'yansa suka ce su ma ba inda za su. Kafin nasa ya kwanta, sai wata jaririya. Haka aka kafa bukkoki, aka shuka albasa da kuɓewa a bakin ruwa, Gobirawa suka zauna arewa da kwari, Zamfarawa kudu, masunta suka bi gaɓa.

Ƙanena Sale ba ya barin magana ta wuce. "To, Habboba, ya je Makkan?"

"Bai tai ba."

"Ashe rago ne!"

"Ji min mijin banza! Kai in na mutu ko kwana ba ka yi, birnin Damazin za ka tsere wurin 'yan mata."

Muka yi ta dariya. Ni kuma na tambaye ta mu nawa ne a garin.

"Na sama ko na ƙasa? Na ƙasa sun fi yawa, ɗiyata, kuma su ad da garin. Mu masu gaishe su ne."

Da gaske take. Kowace Juma'a sai ta tsaya a bayan shingen ƙaya na maƙabarta, ta yi sallama, ta ambaci kakanmu da sunan da ba ta taɓa kiransa da shi ba yana raye. Ta sha nuna mini ɗan filin da ke gefensa. "Wurina ke nan. Kar ku bari a ba wani."

Na yi aure, na haihu, sai labari ya zo za a ƙara wa madatsar ruwa tsawo, bahar zai cinye garin. Aka gina mana gidaje nesa da kogi, a jere, duk iri ɗaya. Ofis da kotu suka riga mu tashi. Ranar da manyan motoci suka zo, Habboba ta dubi mahaifina.

"Na ƙasa fa?"

"Inna, ba a ɗaukar su."

"To ku tai. Ni in tsaya."

Babu faɗa a muryarta. Ni na durƙusa na riƙe ƙafafunta ina kuka, har ta tausaya mini ta hau. A sabon gari ba ta ƙara ba da labari ba. 'Ya'yana su roƙe ta da Larabci, ta ce ta manta. Shekara ba ta zagayo ba ta rasu, aka kwantar da ita a cikin baƙi, kakanmu kuwa ruwa ya riga ya rufe shi.

Ina yarinya na ɗauka labarin mutumin da ya kasa kaiwa Makka ne. Sai da na girma na gane tana gaya mana abin da ya sa wuri yake zama gari, kuma ofis da kasuwa ba sa ciki. Ni nake yi mata sallama yanzu daga bayan shinge, amma ba na iya kai mata labarin kakanmu.

Sale masunci ne, kwalekwalensa yakan bi ta kan tsohon garin. Rannan ya kawo mini kifi, ya zauna.

"Yaya, nakan kashe inji in na zo wurin. Amma ruwan duk ɗaya ne, ban san daidai inda suke ba."

Na ce masa ya yi sallama ko'ina, ya ɗaga murya.