Kunnen Rabi da Metir Bawa

Da safen nan na ƙona cinyata da kunu. Laifina ne, tsoho ya riƙe kofi da waya lokaci guda. Ɗiyata Rabi ce ta kira daga Yamai, ta ce, "Baba, Metir Bawa ya rasu." Sai kofin ya suɓuce.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ku kun san shi babban lauya mai sasanta ma'aurata. Ni na san shi saurayi siriri, magatakarda a kotun Dogon Dutsi, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba.

Lokacin na rabu da Hajo, uwar Rabi, ta koma gidansu a Dumega. Da yarinyar ta kai bakwai, na tafi karɓarta kamar yadda aka saba, uba ya ɗauki abinsa. Hajo ta hana. Na kai ƙara, ina zuba faransancina na aji uku, wanda ko jakina ba ya ganewa.

Bawa ya roƙi alƙali ya bar mu mu fara zama waje. Ya shimfiɗa tabarma gindin gawo, ya ce in kira ɗiyata da kaina.

Na kira. Ba ta juyo ba. Na ce, "Ka gani? Uwarta ta zuga ta."

Ya ce, "Malam Gado, koma hannun damanta."

Na koma, na ce "Rabi" a hankali. Ta juyo har da murmushi. Ashe kunnen hagu ya mutu tun wani zazzaɓi da ta yi. Ni uban ban sani ba. Shi ya sani, don sai da ya hau keke har Dumega ya zauna da su.

Bai kunyata ni ba. Ya sasanta mu: Rabi ta zauna wurin uwarta, a sa ta lakwal, wato makarantar boko, ni in riƙa zuwa duk ranar kasuwa. Har takarda ya rubuta wa mushe, malamin ajinsu, a zaunar da ita inda kunnen dama zai fuskanci allo. Yau jikoki gare ta, ta yi ritaya daga aikin ungozoma.

Na kai masa zabi biyu, ya ƙi. Ya ce, "Je ka ce wa Hajo ka gode. Ita ta yi jinyar."

Na ce gobe.

Bara muka haɗu wurin wani suna, yana bisa keken guragu. Ya kama hannuna, ya ce, "Gado, ka je?" Na ce gwiwa ke damuna. Ya ce, "Gwiwar nan ta girmi jikokinka." Muka yi ta dariya. Ban san ta ƙarshe ce ba.

Allah Ya jiƙan ka, Bawa. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sasanta tsakaninka da Shi kamar yadda ka sasanta mu. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a.

Hajo na nan Dumega da ranta. Na aika a kira mini mai babur.