Kofin Karak a Gaban Jar Mota

Na yi shekara da shekaru a Dubai ina saya wa mutane motoci ina lodawa a kwantena zuwa gida, kuma ina da gwajin da nake taƙama da shi. Nakan sayi karak, shayin nan mai kaurin madara, a cika min kofin takarda har baki, in ɗora a gaban mota ta ciki, kusa da sitiyari, in zagaya unguwarmu ta International City: tudun rage gudu, filin yashin bayan benaye, sai babban shataletale. Motar da ba ta zubar da shayi ba ita ce mai ladabi. Da safe tankar ban ruwan furanni takan jiƙa kwaltar shataletalen, don haka nakan jira ta bushe tukuna, kada in ɓata wa mota wanki. Gwani nake jin kaina a lokacin, har dariya nake yi wa masu duba takardun inji.

Ƙanena da ke bi na yana da kantin magani a Kano. Mutum ne mai sanyin hali, in ban da an zo maganar mota. Tun muna yara yake kwaikwayon kukan inji da baki. Da Allah ya buɗa masa, sai ya kira ni.

"Yaya, irin na Amurkan nan nake so, masu ƙofa biyu, masu gurnani. Kai ka san su, ka zaɓa min."

Biyu na samu a filin wani dillali, baƙa da ja, na kamfanoni biyu da ba sa ga maciji da juna. Baƙar faffaɗa ce, mai nauyin tsiya. Takan haye tudu a natse, amma a kwana sai ta karkata kamar kwalekwalen da ke tsallakar da mu Bur Dubai, kuma sai da ta yi min wanka da shayi a farar shadda. Jar kuwa gajeriya ce, mara nauyi, kana taɓa sitiyari ta amsa. Na zagaya shataletale sau uku, ko ɗigo bai zuba ba.

Alhajin da muke ofis ɗaya a Al Ras, dattijon da ya riga ni shiga sana'ar, ya saurari labarina har ƙarshe.

"Ka gwada ta a jiƙaƙƙiyar hanya?"

"Alhaji, ina ruwan yake a garin nan? Sai dai in kai ta wanki."

"Duk ƙarfin irin waɗannan a tayoyin baya yake. Baƙar, nauyinta na danne ta. Jar fa? Gida damina ake yi."

"Shi ke nan, Alhaji, shayi ya riga ya yanke hukunci."

Na loda jar.

Ta isa Kano da farkon damina. Ƙanena ya turo min saƙon murya: gurnanin inji, dariyarsa, sannan "Yaya, ka gama min komai." A tsakiyar daminar, wata la'asar bayan an ɗauke ruwa, ƙanena yana tuƙi sai tayoyin bayan motar suka zame a wata kwana a hanyar Wudil, ta daki bishiya. Waɗanda suka gani sun ce ba gudu yake yi ba. Kafin in samu jirgi an kai shi makwancinsa.

Hajiyarmu ta ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda da haka. Ba wanda ya taɓa tambayata wa ya zaɓi motar. Ni ne dai na kasa barin kaina. Nakan ce wataƙila taya ce ta fashe, wataƙila rami ne, wataƙila akuya ya kauce wa. Da wannan wataƙilar na rayu shekara biyu, ina tsoron ranar da za ta ƙare.

Wata safiya da sanyi aka wayi gari da yayyafi a Dubai, kuma a hannuna akwai jar mota irin waccan sak, ta wani mai saye. Alhaji ya gan ni da makulli da kofin karak.

"Kada ka je. Me zai ƙara maka?"

Na je. Na shiga shataletalen a giya ta biyu, a hankali, na ɗan taɓa totur kamar yadda kowa zai taɓa in zai fita kwana. Tayoyin bayan motar suka zame. Kafin in ja numfashi ta juya tana kallon inda na fito, shayin ya wanke gilashi ya gangaro min a cinya. Ban bugi kowa ba. Wani mai tasi ya yi min hon ya kewaye ni ya wuce.

Na gyara ta gefen hanya na kashe inji. Ina nan zaune sai ga tankar ban ruwan furanni ta iso a kan lokacinta, ko a jikinta da yayyafin, tana fesa ruwa har kan kwalta. Kullum tana nan. Ranar da na gwada wa ƙanena mota ma ta zo, na tsaya a daidai wannan wuri na jira hanya ta bushe.