Jikan Inna Ya Ce Not Bad

Shekarar da ɗan yayana ya fara zuwa gida ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a Gwarzo, saboda haka tun kafin ya sauka dangi suka naɗa ni tafinta ba tare da an tambaye ni ba. A Ingila aka haife shi, a can ya girma har ya fara tara gemu. Hausar bakinsa ba ta wuce "sannu" da "na gode" da "lafiya lau" ba, kuma lafiya lau ɗin nan kome aka tambaye shi ita yake miƙawa. Aiki ya riƙe ubansa, sai ya turo shi shi kaɗai a dogon hutu na damina. Na kwashi yarana muka tare a gidanmu na Kabo, wurin mahaifiyarmu.

Inna ba ta wasa da tukunya. Duk bikin da za a yi a unguwa, ita ake roƙo ta zo ta tsaya a kan dambu. Tun daga zaure ta tare jikan nata da wasan kaka, tana cewa ga maigidanta ya dawo daga yawon duniya ko tsaraba babu. Daga ranar Maigida take kiransa.

Dambun shinkafa ta yi masa, da zogalen da aka tsinko a bayan gida, da gyaɗa, da soyayyen mai mai albasa. Ya cinye kwanon farko, aka ƙara, ya share. Inna na zaune a kujera 'yar tsugunno tana jira. Ya suɗe cokali, ya gyaɗa kai, ya ce, "Not bad."

"Me ya ce?" in ji Inna.

"Ya ce ba laifi," na ce.

"Laifi? Wa ya kawo maganar laifi a nan? Kotu muke?"

Na shiga bayani. Na ce a can inda ya taso, mutum in abu ya burge shi ba ya fitowa fili ya yaba, sai ya kore kishiyar abin, ya ce bai yi muni ba, kuma in kin ji yadda ya ja muryar, yabo ne babba. Inna ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ita dai ta ji "bad" da kunnenta, kuma ta san shi, don kullum tana jin ina ce wa ƙaramin ɗana "bad boy" in ya yi ɓarna.

Daidai nan Kawu ya yi sallama. Ƙanin Inna ne, ya yi ritaya daga aikin ofis, kuma har yau in zai yi Turanci sai ya gyara hula. Da ya ji abin da ake ciki ya ce, "Yaya, kada Malama ta rufe ki. Not bad ai ci ne da kyar. Irin sakamakon da yaro zai kawo gida a ce to, Allah Ya kyauta gaba."

Inna ta miƙe. Ta ɗauke kwanonta.

Washegari ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta sa man shanu, ta barbaɗa yajin da take dakawa da kanta. Yaron ya ci yana jan hanci, gumi na bin wuyansa. Da ta tambaya ta bakina, ya yi murmushi ya ce, "Lovely. A bit hot."

Na ce, "Ya ce ya yi daɗi, da ɗan yaji kaɗan."

"Kaɗan," in ji Inna. "To."

Ni ban kawo komai a raina ba. Sai da aka kawo miyar washegari na gane cewa Inna ta ɗauki maganar a matsayin ƙorafi, wato yajin ne ya yi masa kaɗan. Miyar nan ko ni da aka yaye ni da yajin Inna sai da na nemi ruwa. Shi kuwa bawan Allah idanunsa suka kaɗa suka yi jawur, hawaye na zuba, amma ya ƙi ajiye cokali don kada kakarsa ta ji babu daɗi. Na matsa kusa na ce masa da Turanci ya faɗi gaskiya. Ya ce, da ƙyar, "It's not exactly mild."

"Yanzu kuma me ya ce?"

Na rasa ta inda zan kama. In na ce ya ce miyar ba salam take ba, Inna za ta ce to da ma. Na ce, "Inna, ya ce zai mutu."

"Duk wannan 'yar maganar?"

Na ce ƙwarai, haka suke. In suka ce "ɗan kaɗan", a duba da kyau, wataƙila gobara ce.

An rage yaji, amma zancen yabo yana nan. Inna ta tambayi Kawu kalmar da Bature ke faɗa in abu ya kai maƙura, ya ce mata "very". Ta riƙe. Kullum in yaron yana cin abinci tana gefe ta kasa kunne. Ta yi masa waina da miyar taushe, ya ce "pretty good". Ta yi ɗanwake, ya ce "quite nice". Da ya ga na yi jim, sai ya ƙara mini bayani cewa "quite" a bakinsu wani lokaci ragewa yake, wani lokaci ƙarawa, ya danganta da abin da ya biyo baya da yadda aka furta. Na ce masa don Allah ya bar wannan a tsakaninmu, gidan bai shirya ba.

Abin da ya ɓata lissafi shi ne zuwanmu Getso gaida ƙanwar Inna, wadda muke kira Hajiyar Getso. Tun suna 'yan mata suke gasar girki, har yau ba a tashi wasan ba. Ranar ana zafi, mun sha hanya, ta dama mana fura da nono mai sanyi. Yaron ya kafa kai ya shanye, ya ajiye ƙwarya ya ce, "Very, very good."

Hajiya tana da jikoki 'yan makaranta masu jin Turanci. Kafin mu iso Kabo an riga an buga wa Inna waya.

Muka tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake. Ba ta amsa sallamarmu da ƙarfi ba. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ashe Maigida ya iya. Har guda biyu. A kan furar da ba ita ta daka ba, saye take yi."

Na fassara masa. Ya rikice, ya ce shi fa dambun ya fi masa komai daɗi, ai shi ya sa ya ce not bad. Na ce wannan kuma ka makara.

Da safe Inna ta dama kunun gyaɗa, ta zuba sukari da hannun mai fushi. Kawu ya zo gaisuwa, yana zaune. Yaron ya kurɓa, ya ɗan runtse ido, ya juyo wajena a hankali ya ce, "It's too sweet."

Kafin in buɗe baki Kawu ya tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Yaya, kin ji? Too! Wannan ya wuce very nesa ba kusa ba. Ba ki ji ana ce wa gwani too much ba? Ko biyun Getso aka haɗa ba su kamo shi ba."

Na san "too" nufinsa abu ya wuce kima har ya ɓaci. Na sha ja wa ɗalibaina jan layi a kansa, masu rubuta cewa ƙawarsu too beautiful ce. Amma na dubi fuskar Inna, na ga yadda ta saki, har tana gyara ɗaurin ɗankwali. Yaron ma ya gani. Muka haɗa ido, muka yi shiru tare.

Ta sa aka kira mata Getso nan take. "A gaya mata ni too aka ba ni."

Daga ranar har ya koma, kowace safiya sai an kawo masa kunun nan, sukarin kuma kullum gaba yake yi. Yakan ɗauki kofin da hannu biyu, ya yi bismillar da ya koya, ya shanye, ya ce, "Too sweet, Inna," ita kuma ta ce, "Madalla, Maigida."

Bayan tafiyarsa gidan ya yi shiru. Ina taya ta wanke kwanuka sai na ga ya kamata in gaya mata ainihin ma'anar kalmar. Na gaya mata. Ba ta daina cuɗa tukunya ba.

"Ke kin ɗauka ba ni da ido? Tun kurɓar farko na ga fuskarsa ta yamutse kamar ya tauna tsamiya."

"To, Inna, me ya sa kika ci gaba?"

"Yana shanyewa, ko bai shanye ba?" Ta miƙo mini tukunyar in ɗauraye. "Kuma kada in ji wannan fassarar taki ta je Getso."